Lambun haya a Jos: daga neman fili zuwa ranar kai kaya kasuwar Farin Gada

Allah ya hore wa Jos yanayin da yawancin garuruwan Arewa ba su da shi. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa kabeji da karas da latas da dankalin Turawa suke sakewa a nan fiye da yadda suke yi a wuraren zafi. Damina tana kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, ana samun ruwa kimanin milimita 1,400 a shekara. Daga nan sai sama ta ɗauke ɗif har kusan wata biyar. Waɗannan watannin su ne lokacin ɗan lambu, kuma duk abin da zai samu a cikinsu ya rataya ne a kan ruwan da ke gefen filinsa. Saboda haka wannan jagorar za ta fara da ruwa, kuma za ka ga kusan kowane mataki yana komawa gare shi.

Mataki na farko: nemi ruwa kafin fili

Masu lambu a Jos da kewaye sun dogara ne da abu uku: rafi, musamman Dilimi da ƙananan rafukan da ke zuba a cikinsa, tafkunan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, irin waɗanda ke Rayfield da Bukuru da hanyar Barikin Ladi, sai kuma rijiyar da ake haƙawa a fadama. A watan Oktoba dukkansu cike suke, kowa ya gani sai ya yi sha'awa. Watan Maris ne yake tona asirin kowanne. Lokacin zafi ya shigo, shuka ta girma tana neman ruwa mai yawa, ga injinan ban ruwa goma suna ja daga wuri ɗaya.

In da hali, je ka ga wurin a Maris na shekarar da ta gabaci wadda za ka fara. In babu hali, nemi dattijon da ya daɗe yana lambu a wajen. Yi masa sallama, ku gaisa sosai, ka tambaye shi aiki, sannan ka ce, "Baba, ruwan nan yana kai ku ƙarshen rani kuwa?" Ba lallai ya ba ka amsa kai-tsaye ba. Wataƙila ya nuna maka wani dutse a cikin tafkin ya ce, "Ɗana, in ka ga kan dutsen can ya fito, to mun fara ban ruwa da layi." Wannan maganar ta fi maka duk wani awo. Ka kuma duba inda aka binne tiyo da inda ake ajiye inji: in ka ga alamar an yi ta matsar da su ƙasa, ruwan yana ja da baya sosai ke nan.

Ga lissafin da ya kamata ka yi kafin ka biya ko kwabo. A tsakiyar rani, kowane murabba'in mita na kayan lambu yana shan lita 4 zuwa 6 a rana. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya kai murabba'in mita 465. Ka cire hanyoyi da magudanai, a ce 300 ne ke ɗauke da shuka. Lita 1,500 ke nan kullum, wato jarka 60 mai lita 25. Babu mai ɗaukar wannan a ka bayan ya taso daga aiki. In da hannu za ka yi ban ruwa, tsaya a murabba'in mita 50 zuwa 80 a shekarar farko. In kana son fiye da haka sai da inji, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin fetur ya zama babban abin da ke cinye ribar lambu. Mutane da yawa suna haɗa kai su uku ko huɗu a inji ɗaya, su yi karo-karon mai, kowa da ranarsa.

Tsabtar ruwan ma abin dubawa ce. Dilimi yana ratsa tsakiyar gari, yana kwasar ruwan kwata da shara. In filinka yana ƙasa da gari, kada ka sa latas da sauran abin da ake ci ɗanye a ruwan da ke wari ko kumfa. Tafkunan kuza kuwa suna da zurfi, gaɓarsu tana da santsi kuma tana zaftarewa. An sha rasa rayuka a cikinsu. Kada ka aiki yaro ɗebo ruwa a can.

Mataki na biyu: a yi magana a fili da mai fili

Mafi yawan filayen lambu a nan gonakin gado ne na iyalan Birom da Afizere da Anaguta, kuma tsarin da aka saba shi ne mai gona ya yi nomansa na damina, ɗan lambu ya karɓa da rani. Kowa yana amfana, domin takin da ka zuba shi masarar mai gona za ta ci baɗi. To amma a nan ne saɓani yake ɓullowa in ba a yi magana tun farko ba.

Ku je da shaidu, naka da nasa, in da hali mai unguwa ya sani. A zagaya iyaka da ƙafa, a kafa duwatsu. A rubuta ranar da za ka shiga da ranar da za ka fita, domin ruwa yana iya sauka da wuri mai gona ya buƙaci filinsa alhali kabejinka bai gama ƙulla kai ba. A faɗi ko haya ce ta kuɗi ko kashe-mu-raba ne, da ko za ka iya haƙa rijiya, da hanyar da tiyonka zai bi in zai ratsa gonar wani. Ka nemi shekara biyu ko uku a jere. Ƙasar da ka sha wahalar gyarawa sai a shekara ta biyu take fara biyanka, kuma abin takaici ne ka gyara wani ya zo ya ƙara kuɗi ya karɓe. In akwai hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya, bar ta a buɗe, ka yi shinge a naka ɓangaren.

Mataki na uku: gyaran ƙasa

Ƙasar Filato galibi tana da tsami, ga ƙarancin abinci, musamman inda aka taɓa haƙar kuza aka juye ta ƙasa ta koma sama. Ɗebo dunƙule, ka jiƙa shi, ka matse a tafin hannu. In ya wargaje nan take, yashi ya yi yawa, zai riƙa zubar da ruwa. In ya dunƙule yana danƙo, laka ce, karas ba zai ji daɗinta ba amma kabeji zai yi. Wanda ya dunƙule sannan ya farfashe da ka taɓa shi da yatsa, shi ake nema.

Yi sassabe, ka kafce ƙasa zurfin santimita 25 zuwa 30, ka tsince duwatsu da leda da saiwar ciyawa, ka baje da manjagara. Sai taki. Jos gari ne na gidajen kaji, don haka kashin kaji ba ya wuya, kuma yana da ƙarfi ƙwarai. Ƙarfin nan ne haɗarinsa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Tara shi a gefe, ka yayyafa masa ruwa, ka rufe da ciyawa ko tsohon buhu, kana juyawa kowane mako. Da farko in ka cusa hannu za ka ji zafi, warinsa yana hawa ido. Bayan mako huɗu zuwa shida zai huce, ya yi baƙi, warin ya kwanta. A lokacin ne za ka zuba kilo 1 zuwa 2 a kowane murabba'in mita, ka cakuɗa da ƙasa, ka ba shi ruwa, ka bar shi mako guda kafin shuka. Saboda haka tun Agusta ake sayen taki, kafin kowa ya tashi nema farashi ya hau.

Toka tana rage tsamin ƙasa, kuma tsofaffin masu lambu a Jos sun daɗe da sanin haka, har ta juji suke saya a mota. Ni dai ba na ba da shawarar ta juji. Jujin yanzu cike yake da batir da roba da gwangwanin fenti, gubarsu tana zama a ƙasa tana shiga ganye. Nemi tokar itace zalla daga gidan burodi ko wurin masu dafa abinci. Cikin hannu biyu ya ishi murabba'in mita ɗaya. Kada ka haɗa toka da takin zamani na yuriya ko ɗanyen kashin kaji a rana ɗaya, domin tana sa ƙarfin takin ya tashi a iska. Sa toka tukuna, bayan mako biyu taki ya biyo.

Da rani fangali ake yi, wato a nutsa wurin shuka a ɗaga gefensa don ya riƙe ruwa. Faɗin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa, yadda hannunka zai kai tsakiya ba tare da ka taka ciki ba. Daidaita cikinsa sosai. Hanya mai sauƙi ita ce ka sake masa ruwa kafin shuka ka ga inda ya taru da inda ya bari a bushe, ka gyara. Fangalin da ya karkace, gefe ɗaya yana ruɓewa, ɗayan yana ƙishi. Da damina kuma akasin haka ake yi, a ɗaga kunya don ruwa ya wuce.

Mataki na huɗu: reno, dashe da shuka

Kabeji da latas da tumatir da tattasai da albasa sai an rene su kafin a dasa. Karas da kokwamba da koren wake da alayyahu kai-tsaye ake shuka su. Sayi iri a shago mai inuwa, cikin gwangwani ko fakitin da ba a buɗe ba, ka duba ranar ƙarewarsa. Irin da ya sha rana a kan tebur a bakin titi rabinsa ba ya fitowa. Nau'o'in da aka sani sun haɗa da Copenhagen Market da Gloria a kabeji, Nantes a karas, Great Lakes a latas, UC82B da Roma a tumatir.

Wurin reno ya zama mai laushi, an tankaɗe takinsa. Ja layuka da ɗan tsinke, tazarar santimita 10, zurfin bai wuce santimita ɗaya ba. Barbaɗa iri kaɗan-kaɗan, ka rufe, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ka yi yayyafi a kanta. Kullum ɗaga ciyawar ka leƙa. Ranar da ka ga tsiro, kwashe ta, ka yi 'yar rumfa sama-sama. In ka ga 'yan tsiron suna faɗuwa, gindinsu ya tsuke ya yi baƙi, ruwa ne ya yi yawa ko kuma sun cunkushe: rage ruwa, ka tsuge wasu. Saura mako ɗaya dashe, cire rumfar ka rage ban ruwa don su saba da rana.

Latas da tumatir suna isa dashe a mako uku zuwa huɗu, kabeji huɗu zuwa biyar, albasa da tattasai kusan shida. Dasa da yamma. Jiƙa wurin renon tukuna don ka ciro kowanne da ƙasarsa, ka danna gindinsa da yatsu, ka ba shi ruwa nan take. Kabeji yana son kamu ɗaya tsakaninsa da ɗan'uwansa, wato santimita 45 ko sama da haka, tumatir 50 zuwa 60, latas 25 zuwa 30. Sabon ɗan lambu yakan ga kamar ɓarnar fili ce ya matse su, ƙarshe ya girbe kawunan da ba su wuce dunƙulen hannu ba.

Karas yana da nasa hali. Ba ya son dutse, ba ya son sabon taki, in ya gamu da su sai ya yi ƙafafu biyu ko uku, dillali ya ture shi gefe. Ba shi fangalin da aka yi wa taki a shukar baya. Gauraya irin da yashi don ya bazu, ka shuka a layuka masu tazarar santimita 20. Yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya fito, kuma in saman ƙasar ya bushe ko sau ɗaya a wannan tsakanin, shi ke nan, fitowar ta lalace. Idan ya yi ganye uku ko huɗu, tsuge shi ya zama santimita 5 tsakani. Zuciya ba ta son cire shuka mai rai, amma in ba ka cire ba duka za su zama tsinke.

Kada ka cika filin rana ɗaya. Raba shi, ka riƙa shuka bayan kowane mako biyu ko uku. Ta haka kaya ba za su nuna maka gaba ɗaya ba, kuma lokacin da ruwa zai ja baya, wasu fangalan an riga an girbe su. Manyan masu shan ruwa kamar kabeji su shiga da wuri. Masu saurin nuna kamar alayyahu da latas su cike gurbi. In kasuwar Kirsimeti kake hari, lokacin da kayan salak ke tashi, ƙirga da baya: kabeji yana ɗaukar kwana 70 zuwa 90 bayan dashe, don haka reno a farkon Satumba, dashe a farkon Oktoba, karas wata uku ko fiye kaɗan, don haka shuka a tsakiyar Satumba. Haka za ka ƙirga wa azumi, ka duba watan da zai faɗo a shekarar. Sanyin Disamba da Janairu yana rage saurin girma, musamman tumatir da kokwamba, sai ka ƙara mako ɗaya ko biyu a lissafi.

Mataki na biyar: kulawa ta kullum

Ban ruwa da sassafe ko da yamma ake yi. Ƙaramar shuka tana son kaɗan kullum, babba tana son mai yawa bayan kwana biyu ko uku, don saiwa ta nutsa. Cusa yatsa a ƙasa: in ka ji damshi a gaɓa ta biyu, jira gobe. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin tumatir da kabeji, tana rage ƙafewar ruwa sosai lokacin iskar hunturu. Abin da ya fi ɓata kaya shi ne a bar shuka da ƙishi sannan a cika ta da ruwa. Shi ke fasa kan kabeji, ya tsaga karas, ya sa gindin 'ya'yan tumatir ya yi baƙi.

Mako biyu bayan dashe, ba kowane kabeji ko tumatir cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15, nesa da gindi da kamar yatsu huɗu, ka rufe da ƙasa ka ba da ruwa. Idan kabeji ya fara naɗe ganye, ƙara masa yuriya kaɗan. Kada ka ɗura wa karas yuriya, ganye zai yi maka, ƙasa babu komai. Ciyawa kuwa a cire ta tana ƙarama. Tumatir a kafa masa sanda.

Mataki na shida: ƙwari da cuta

Maganin farko shi ne ido. Sau biyu a mako, juya ganye ka duba bayansa. A kabeji za ka ga 'yar koriyar tsutsa mai ɓula ganye, in ka taɓa ta sai ta zille ta rataya da zare. Tana saurin sabawa da magani, don haka maimaita magani ɗaya asarar kuɗi ce, sai ana sauyawa. A tumatir akwai tsutsar da manoma ke kira sharon, wadda ta yi mummunar ɓarna a Arewa a 2016. Tana shiga cikin ganye ta bar fararen tabo, daga baya ta huda 'ya'yan. Tsinke ganyen da ta kama ka binne, kada ka jefar a gefen fangali.

A ƙaramin lambu, 'ya'yan dogon yaro suna aiki in an fara da wuri. Daka ƙwayar, giram 50 a kowace lita ta ruwa, ka jiƙa ta kwana, ka tace, ka sa sabulu kaɗan, ka fesa da yamma kowane mako. In ta kama sai maganin shago, karanta takardarsa, ka rufe hanci da hannu, ka kiyaye kwanakin da aka ce a jira kafin girbi. Fiya-fiya da sauran magungunan sauro da kyankyaso ba na abinci ba ne, kada su kusanci lambunka.

In tumatir ya yi yaushi rana ɗaya alhali ganyensa kore ne kuma ƙasa da damshi, yanko karan kusa da gindi ka tsoma bakinsa a kofin gilashi mai ruwa garai-garai. Jira 'yan mintuna ba tare da ka girgiza ba. In ka ga wani farin abu yana zarara daga karan kamar hayaƙi, cutar tana cikin ƙasa, kuma feshi ba ya maganinta. Tuge shi da saiwarsa, kada ruwan wannan fangalin ya gangara wani, kuma kada ka mayar da tumatir ko tattasai ko attaruhu ko gauta ko dankalin Turawa wurin har shekara uku, domin dangi ɗaya ne. Ko babu cuta, juya shuka: inda kabeji ya tashi karas ya shiga, inda karas ya tashi koren wake ya biyo. Dankali da tumatir na damina kuma suna fama da cutar baƙin ganye a hazo da yayyafin Yuli da Agusta, wadda ke iya cinye gona cikin 'yan kwanaki. Wanda bai ƙware ba, ya bar su sai rani.

'Ya'yan itace a filin da ba naka ba

Kada ka dasa bishiya ba da izini ba. A wajen masu gona da yawa, dasa mangwaro ko fiya alama ce ta mai niyyar zama, kuma yana iya jawo a karɓe filin. Waɗannan ka kai su gidanka. Gwanda tana fara 'ya'ya cikin shekara guda, ita da ayaba za su iya zama a bakin iyaka in mai gona ya yarda. A gwanda, shuka uku a rami ɗaya, in sun yi fure ka bar mace, ka bar namiji ɗaya tak a wurin.

Abin da ya fi dacewa da ɗan haya shi ne sitiroberi, wanda ƙauyen Chaha da ke kusa da Vom ya yi suna da shi. Ba da ƙwaya ake shuka shi ba, 'ya'yan da uwar ke miƙawa a ƙasa ake cirewa a dasa, wajen ƙarshen damina, santimita 30 tsakani. Kada ka binne zuciyarsa, ta tsaya daidai da saman ƙasa. Shimfiɗa ciyawa don 'ya'yan kada su taɓa laka. Yana ba da 'ya'ya cikin sanyi, ana tsinka da sassafe. Ba ya jure ajiya, don haka sami mai saye kafin ya nuna. Lokacin mayar da fili, kwashe iyayen ka sa a buhuna a gida, su za su ba ka irin baɗi.

Girbi da kasuwa

Girbe da sassafe, ka ajiye a inuwa. Kabeji ya isa in ka danna kan ka ji shi tauri, ka bar masa ganye biyu ko uku na waje su kare shi a buhu. Jiƙa fangalin karas kafin tugewa don kada ya karye. Tumatir da zai yi tafiya a cire shi yana fara ja.

Kafin ka kai kaya Farin Gada, je ka yi safiya ɗaya hannu rabbana. Ka ga yadda 'yan gwari ke ciniki, girman buhu da kwandon da ake karɓa, la'adar dillali, da kuɗin dako. Daga Janairu zuwa Maris kaya suna cika kasuwa farashi ya faɗi, musamman tumatir. Mai ƙaramin lambu ya fi samun riba wajen maƙwabta, abokan aiki da masu gidan abinci, waɗanda za su karɓi kaɗan-kaɗan kowane mako. Rubuta duk abin da ka kashe, har fetur da kuɗin mota, da ranar da ruwan wurin ya fara ja, domin da wannan ranar za ka tsara girman lambun baɗi.

Ruwan farko a Jos yakan zo da iska, wani lokaci har da ƙanƙara mai yayyaga ganye, don haka ka yi ƙoƙari kayan ganye su tashi kafin tsakiyar Afrilu. Tuge ragowar tumatir da kabeji ka ƙone masu cuta, ka kwashe leda da kwalaben magani, ka naɗe tiyo, ka zuƙe man da ya rage a inji kafin ka ajiye shi. Sannan ka kai wa mai gona kwandon kaya har gida, ku tsayar da maganar Oktoba tun yanzu, a gaban shaidun nan na farko.